Tambaya: yaya ake kwatanta fuskar mutum da kamanninsa da Turanci?

Ɗalibar_Turanci ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu Turanci ku zo ku taimaka min. Ina shirin rubuta jarrabawar Turanci ta IELTS ne, kuma a kashi na 2 na ɓangaren magana akan miƙa wa mutum kati a ce ya kwatanta wani da ya sani, a ba shi minti 1 ya shirya sannan ya yi ta magana har zuwa minti 2. To ni matsalata da zarar na ce "he is tall, he is handsome, he is kind" shikenan kaina ya ƙulle, sai in tsaya ina zare ido. Alhali da Hausa ce aka ce in kwatanta mutum wlh sai an ce min ya isa haka, tun daga wushiryarsa har yadda yake haɗe girar sama da ta ƙasa in ransa ya ɓaci duk zan zayyano.

Abin da ya fi rikita ni wannan kalmar ta look ce. Wani ya ce "what does he look like", wani ya ce "how does he look like", wani kuma "what is he like", wai duk ɗaya ne ko da bambanci? Sannan in mace ta ɓata rai "she looks angry" ake cewa ko "she looks angrily", tunda an koya mana in kalma ta biyo bayan aikatau sai an saka mata ly. Kuma yaushe ake cewa he is yaushe ake cewa he has?

Ɗaya matsalar kuma ta fuska ce. Harara, yaƙe, taɓe baki, zumɓura baki, yatsina, murtuke fuska, duk wanda na saka a manhajar fassara kusan frown take ba ni, ni kuma na san ba zai yiwu a ce duk abu ɗaya ne ba. Wanda ya sani ya warware min dan Allah, amma a hankali, kar a cika min kai da manyan kalmomin nahawu. Ngd.

MalamNahawu ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in ɗauki ɓangaren nahawun, na fuska akwai waɗanda suka fi ni a nan.

Mu fara da ita tambayar kanta, dan in ba ki gane abin da aka tambaye ki ba duk Turancin da za ki zuba a banza ne. Tambayoyi uku ne masu kama da juna kuma kowacce amsarta daban. "What does he look like?" kamanni take nema, tsawo, launin fata, gashi, gemu, irin bayanin da za ki yi wa wanda zai je tarbar mutumin da bai taɓa gani ba. "What is he like?" kuma hali take nema, mai haƙuri ne, mai surutu ne, mai faɗa ne, in aka miki ita kika ce "he is tall" kin bar hanya. Sai "How does he look?" ita yanayin da yake ciki yanzu take tambaya, misali kin je duba mara lafiya kin dawo aka tambaye ki, sai ki ce "he looks better" ko "he looks weak". Waccan ta "how does he look like" kuwa gamin gambiza ce, mutane da yawa suna faɗa amma mai jarrabawa zai ɗauke ta kuskure, how ba ta tafiya da like a wannan tambayar, ko dai what da like ko how ita kaɗai.

Ita look ɗin kanta abin da ke bayanta ne yake nuna miki sigar da za ki ɗauka. In sifa ce, to look zalla: "she looks tired", "he looks young". In suna ne sai like ta shigo: "he looks like a soldier", "she looks like her mother". In kuma cikakkiyar jimla ce za ta biyo baya mai nata aikatau, sai as if ko as though: "he looks as if he hasn't slept". A hira ta yau da kullum, musamman a Amurka, za ki ji "he looks like he hasn't slept" kuma ba wanda zai kalle ki, a jarrabawar magana ma ba matsala, a rubutu ne na fi so ki riƙe as if. Abin da ba a yi shi ne "she looks like tired".

Batun angry da angrily kuwa, wanda ya koya miki ly bai yi ƙarya ba, rabin zancen ya faɗa miki. Look aiki biyu take yi. Akwai look ta kallo, akwai look ta alama. In kin ce "she looks angry" ba ita ce take kallon kowa ba, mu ne muke kallonta muka ga alamar fushi, dan haka sifa ake sakawa kamar yadda za ki ce "she is angry". In kuma ita ce ta juyo ta kalle ki a fusace, to aiki ta yi, sai ki ce "she looked at me angrily". Gwajin mai sauƙi ne, cire look ki saka is, in jimlar ta tsaya da ƙafarta to ba ruwanki da ly. Haka seem da appear da sound da feel suke, "you sound happy", "he seems upset". Wani zai ce to ai ana cewa "you look well", eh ana cewa, amma well a nan sifa ce mai nufin ƙoshin lafiya, ga wanda ya tashi daga ciwo ko aka daɗe ba a gani ba. "You look good" kuma yabon kwalliya ne ko kyan gani.

Yanzu is da has, nan ne Hausa take ɗan ja mana ƙafa. Mu muna cewa yana da tsawo, yana da ƙiba, yana da kyau, yana da sanƙo, yana da shekara 30, komai yana da. Su kuma duk waɗannan is ne: "he is tall", "he is bald", "he is 30". Has sai in za ki ambaci wani sashe na jiki da sunansa: "he has a beard", "she has big eyes", "he has a scar on his chin". A Ingila za ki ji "he's got a beard", ma'ana ɗaya ce. Kuma dan Allah kar ki ce "he is having a beard", have ta mallaka ba ta ɗaukar ing. Abin da ake sakawa a cire kuma wear ne, "she wears glasses" yana nufin dama mai tabarau ce kullum, "she is wearing glasses" kuma yanzu da muke magana ne yake fuskarta, ƙila gobe babu.

In kina so ki tara bayani a jimla ɗaya ba tare da kin yi ta maimaita he has he has ba, with ce abokiyarki, kalmar "in" ta Turanci kuma ta tufafi ce: "a tall man with a beard in a grey suit". Shekaru ma ba sai kin san adadi ba, "in his early thirties" daga 30 zuwa wajen 33, mid tsakiya, late daga wajen 37 zuwa 39. Sai ƙaramin abu ɗaya, resemble ba ta son rakiya, "he resembles his father" kawai, ba a saka mata like ko with ko to. In gado ne na kama ko na hali daga iyaye ko kakanni, "he takes after his father".

Mai_Fassara ta rubuta:

Malam ya gama da nasa, Allah ya ƙara basira. 'Yar uwa ni aikina kenan juya labari daga wannan harshe zuwa wancan, kuma gaskiya wajen fuska ne aka fi shan wahala, dan manhajar nan ba ta ganin fuskar, kalma kawai take gani.

Ki fara da murmushi dan shi ma ba ɗaya ba ne. Smile shi ne gama-gari. Grin washe baki ne har haƙora su fito, irin na yaron da aka ce an ɗage jarrabawa. Beam kuma fuskar ce gaba ɗaya ta cika da fara'a, "she beamed with pride". Waɗannan duk lafiya lau ne. Amma smirk ki yi hattara da ita, murmushi ne na jin kai, na ai dama na faɗa muku, ko na wanda ya ji daɗin faɗuwar wani, in kika ce "my teacher smirked at me" kina nufin ya miki fara'a to kin ɓata shi ba ki sani ba. Sneer ta fi ta muni, raini ne tsagwaronsa, leɓen sama a ɗage. Yaƙe kuma ba shi da kalma guda, "a forced smile" ake cewa ko "he forced a smile". Akwai wata jimla da marubutansu suke so sosai, "his smile didn't reach his eyes", kuma tana da tushe, wani likitan jijiyoyi ɗan Faransa mai suna Duchenne tun a ƙarni na 19 ya lura cewa murmushin gaske har naman da ke kewaye da ido yake motsawa, na dole kuwa a baki yake tsayawa, shi ya sa har yau masana suke kiran na gasken da sunansa. In kika jefa wannan jimlar a jarrabawa a inda ta dace ai kin burge.

To ɓacin rai. Frown haɗe gira ne, goshi ya tattare, kuma ba lallai fushi ba ne, wanda yake karanta abin da bai gane ba ma yana frown. Wani abin mamaki, mutumin Ingila in ya ji frown goshi yake hangowa, Ba'amurke kuma da yawansu baki suke hangowa ya lanƙwasa ƙasa kamar na imojin baƙin ciki, kalma ɗaya hoto biyu. Murtuke fuska irin na ba wasa, wanda kowa ya gani zai kama kansa, scowl ne. Harara ita ce mai ɗan wuya. Glare ita ta fi kusa, "she glared at him", sai dai glare ido cikin ido ne a tsaye ba ƙiftawa, hararmu kuwa sau da yawa ta gefen ido ce a wurga a ɗauke kai, irin wannan "she gave him a dirty look" ya fi kama ta, matasa a intanet kuma side-eye suke cewa. Zumɓura baki ko turo baki pout ne, kar ki haɗa shi da sulk, sulk ba fuska kaɗai ba ce, shi ne mutum ya yi fushi ya koma gefe ya ƙi kula kowa. Yatsina grimace ne, ko dan ciwo ko dan ƙyama, in kuma na ɗan lokaci ne kamar an taɓa miki gyambo kika ɗan zabura fuska ta motsa, wince. Tsuke baki na wanda abu bai masa ba amma ya ƙi magana, "she pursed her lips".

Taɓe baki kam ni har yau ina ganin kowace fassara tana rage masa wani abu. In na raini ne "she curled her lip" ya yi. In na ko oho ne, su da kafaɗa suka fi nuna wannan, sai ki ga an rubuta "she shrugged". In kin rasa ta cewa "she pulled a face" ko "she made a face" yana rufa asiri, na farkon an fi ji a Ingila.

Ido kuma: stare ƙura ido ne kuma yawanci rashin ladabi ne, gaze kallo ne mai tsawo na sha'awa ko na wanda ya lula tunani, glance kallo ɗaya a ɗauke kai. Blink ƙifta ido biyu, wink kashe ido ɗaya da gangan, ki rarrabe su da kyau dan "he blinked at her" da "he winked at her" labari biyu ne mabambanta. Ƙanƙance ido saboda rana ko rashin gani sosai squint. Zaro ido "her eyes widened", sakin baki dan mamaki "his jaw dropped", ɗaga gira "she raised her eyebrows", juya ido sama na an ishe ni "he rolled his eyes". Ki lura kullum her ko his ake sakawa, ba the ba, ba a cewa "she raised the eyebrows".

Kusan dukkansu at suke ɗauka in akwai wanda ake yi wa, smile at, frown at, glare at, stare at, wink at. Laugh at kuma dariyar ƙeta ce ake wa mutum, in tare kuke dariyar with ce. Kuma yawancinsu suna zama aikatau su zama suna, dan haka abu ɗaya za ki iya juya shi yadda kike so, "she smiled", "she gave me a smile", "she came in with a smile on her face", ga hanyar cike minti biyun nan da kike kuka da shi.

Ɗalibar_Turanci ta rubuta:

Kai masha Allah, Malam da Anti na gode sosai Allah ya saka da alheri, wlh na kwafe duka a littafi. Wannan gwajin na cire look a saka is ya zauna min daram. Saura abu uku, in sifofi sun taru wanne ake fara faɗa? "black long hair" ko "long black hair"? Sannan hair ɗin is ne ko are tunda gashi ai da yawa ne. Kuma mutumin da nake so in kwatanta fari ne mai doguwar fuska, in ce "he is white with a long face" ya yi?

Sarkin_Musu ya rubuta:

Hhhh tsaya tsaya 'yar uwa kar ki kai wannan jimlar ko'ina. In kika ce "he is white" duk wanda ya ji Bature zai ɗauka kike nufi, white da black a Turanci asalin mutum suke nunawa ba hasken fata ba. Wanda kike nufi "he is light-skinned" ne ko "he has a light complexion", mai duhu kuma dark-skinned. Fair ma ana cewa amma tana da harshen damo, tana iya nufin fata tana iya nufin gashi mai haske. Long face kuma in aka ce "he has a long face" a wajen kwatance za a gane, amma kalmar ta fi shahara da nufin fuskar damuwa, in suka ga mutum ya yi jugum sai su ce "why the long face?", dan haka ki ce oval ko narrow ki huta. Haka mutum dogo tall ne, ba long ba ba high ba.

Batun jerin sifofi na san yanzu Malam zai zo ya kawo miki dogon layin nan, ra'ayi, girma, shekaru, siffa, launi, asali, abin da aka yi shi da shi, amfani, a ce ki haddace. Ni dai ban yarda da wannan haddar ba kuma na sha faɗa a nan. Waye zai tsaya gaban mai jarrabawa agogo na tafiya yana lissafin wai launi ne na biyar ko na huɗu? Su kansu masu harshen yawancinsu ba su san akwai dokar ba, kunnensu ne kawai yake ƙin "black long hair". Ki haddace su a dunƙule kamar kalma ɗaya, long black hair, big brown eyes, a tall young man, short curly hair, a thick grey beard, in bakinki ya saba da guda goma irin waɗannan sauran da kansu za su riƙa zuwa. Kuma ma wa ya aike ki tara sifa huɗu a kan suna ɗaya, biyu sun isa, uku in ta kama.

Abin da na ga ba wanda ya taɓo kuma ya fi wannan haɗari shi ne ed da ing. "You look bored" yana nufin da alama zaman ya ishe ka. "You look boring" kuma ka ce wa mutum kai da ganinka ba ka da daɗin zama. Haka tired da tiring, confused da confusing, annoyed da annoying. Fuskar mutum abin da yake ji take nunawa, dan haka kusan kullum mai ed ɗin kike so.

MalamNahawu ya rubuta:

Sarkin_Musu ai ka riga ka kawo layin da kanka ka hutar da ni. Ban ƙi maganarka ba wajen magana da baki, amma wanda yake rubutu yana da lokacin dubawa, kuma ranar da ya haɗu da sifofin da ba sa cikin goman da ya haddace dokar ce za ta fishe shi. Ƙanwata ki riƙe guntun da ya shafe ki kawai: ra'ayinki shi ne farko, launi shi ne dab da sunan. "Beautiful big brown eyes". A gashi kuma tsawo, sai yanayi, sai launi, "long curly black hair".

Hair is ne. Turanci yana ɗaukar gashin kai a matsayin abu ɗaya da ba a ƙirgawa, "her hair is long", ba a saka masa "a" kuma ba a saka masa "s". In kika ji hairs to silin gashi ake nufi ɗaiɗai, "he has a few grey hairs", furfura ce ta fara leƙowa ana iya ƙirga ta, in ta fara yawa sai a ce "he is going grey". Amma gemu da gashin baki ana ƙirga su, dole a beard, a moustache. Saje sideburns, ɗan tsiron da ke fitowa bayan kwana biyu ba aski stubble, wanda ya aske tas clean-shaven, wanda sanƙo ya fara cin gaban goshinsa "he has a receding hairline".

Wannan clean-shaven ɗin ya tuna min da wata dabara, sifofi masu karan ɗori a tsakiya. Maimakon "he has broad shoulders" sai ki ce "a broad-shouldered man", haka dark-skinned, middle-aged, round-faced. Sashen jikin tilo yake zama a ƙara masa ed, brown-eyed ba brown-eyes ba. Shekaru ma in sun zo gaban suna s ɗin faɗuwa take, "a 30-year-old man", amma "he is 30 years old". Wushiryar da kika ambata tun farko "a gap between his front teeth" ce, ko "a gap-toothed smile". Lotsawar kumatu in an yi murmushi dimples, tawadar Allah in ɗigo ce mole in shimfiɗaɗɗiya ce da aka haifi mutum da ita birthmark.

Uwar_Biyu ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Ni nawa ɗan jan kunne ne 'yata, dan wani lokacin nahawun daidai ne amma kalmar ta yi nauyi. Fat kalma ce da take ɓata rai sosai, kar ki faɗa wa mutum a fuskarsa kuma ko a jarrabawa gara ki ce "a bit overweight" ko "on the heavy side". Chubby ta jarirai da yara ce, kumatu ɓul-ɓul. Gajere kakkaura stocky, mai ƙirar ƙarfi well-built. Ta ɓangaren rashin jiki ma haka ne, slim da slender yabo ne, thin tana tsaka-tsaki amma in aka ce "you look thin" akwai damuwa a ciki kamar an ce kin rame, skinny kuma ta fi kusa da kushe. Ugly kam ki bar ta, plain ake cewa in dole ne. Homely ki guje ta gaba ɗaya, a Ingila tana nufin abu mai sauƙi mai sa kwanciyar hankali, a Amurka in aka faɗa wa mutum cewa aka yi ba shi da kyau.

Handsome yawanci ta maza ce, pretty ta mata da yara, good-looking kowa da kowa, in kina shakka ita za ki ɗauka. Old ma "an older man" ya fi taushi. Kuma "you look tired" da ake ta misali da ita a sama, nahawunta lafiya lau amma ba kowa ke son a gaishe shi da ita ba.

Ɗalibar_Turanci ta rubuta:

Na gode Mama. To ga abin da na haɗa a kan kawuna ku duba min: "My uncle is a tall, light-skinned man in his late forties. He has an oval face and short black hairs, and he is wearing glasses. He looks like serious, and when he is thinking he frowns, so children are afraid of him. But when he grins you can see a gap between his front teeth. People say I take after him."

MalamNahawu ya rubuta:

Ya yi kyau ƙwarai, gyara uku ne kawai. Hairs ki cire s. "He is wearing glasses" ki mayar "he wears glasses" tunda ba hotonsa kike nuna mana ba, dama can mai tabarau ne. Sai "he looks like serious", serious sifa ce dan haka like ta fita, ko kuma ki bar like ɗin ki kawo suna, "he looks like a serious man". Wannan bai kai minti 2 ba tukuna, kuma katin yakan tambayi yadda kika san mutumin da dalilin da ya sa kika zaɓe shi, dan haka ki ƙara wani lokaci guda da kika ga fuskarsa ta canza, me aka faɗa masa, girarsa ta yi yaya, bakinsa ya yi yaya, da waɗancan kalmomin na Mai_Fassara. Ki rubuto shi da past tense mu gani.